Firanjifani: Reshe guda ya ishe ki fara lambu a tsakar gida

Yau za mu ɗan fita daga kantin magani mu leƙa tsakar gida, mu yi hira a kan wata bishiyar fure da na daɗe ina reno, wadda nake ganin duk gidan da ke samun rana zai iya mallakar ta ba tare da an kashe ko sisi ba. Da ke nake, uwargida, amma maigida kada ya ajiye jaridar tukuna, don akwai aikin wuƙa da ɗaukar yashi a ciki.

Kin san bishiyar ko da ba ki san sunanta ba. A nan Jalingo ana ganin ta a harabar ofisoshi da makarantu da tsofaffin gidajen ma'aikata. Rassanta masu kauri ne, suna rabuwa biyu ko uku kamar ƙaho, ganyen dogaye ne a tattare a ƙarshen reshe, furen kuma mai kunne biyar, fari da rawaya a tsakiya, wani ruwan hoda, wani ja. Masu sayar da furanni a bakin titi suna ce mata firanjifani, a littattafan ilimin tsirrai kuma sunanta fulumeriya.

Asalinta daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan. Sunan fulumeriya an samo shi daga Charles Plumier, wani malamin coci ɗan Faransa masanin tsirrai, wanda aka haifa a 1646. Ya rasu a 1704 a ƙasar Sifen, yana shirin shiga jirgin ruwa zuwa Peru don ya yi nazarin itacen sinkona, wato itacen da wasu masu harhaɗa magunguna biyu 'yan Faransa suka ciro kwinin daga ɓawonsa a 1820. Kin ga ashe da ɗan zumunci tsakanin furen da sana'armu. Sunan firanjifani kuwa na wani gidan sarauta ne a Italiya, wanda ake danganta wa wani turare da ake shafa wa safar hannu. Yau ita ce furen ƙasa a Nikaragwa da Lawos, a Hawai kuma da ita ake tsire sarƙar furen da ake rataya wa baƙi a wuya.

Za ki ce me ya kawo maganar fure a shafin lafiya? Abu na farko, mafi yawanmu a gari gidan haya muke, ko kuma gidan da aka malale tsakar gidansa da siminti tun daga ƙofa har bayan ɗaki. Idan Maris da Afrilu suka zo, zafin Jalingo ya doshi digiri 40, simintin nan yakan riƙe zafi har bayan isha'i, yara ba wurin zama, manya ba wurin shan iska. Ɗan kore a tsakar gida yana sauya yadda mutum ke ji da gidansa. Abu na biyu, bishiyar ba ta cin ruwa, kuma duk wadda ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ta san darajar wannan. Abu na uku shi ne ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna: bishiyar tana da farin ruwa kamar nono mai ƙona ido, kuma tana da 'yan'uwa a gidajenmu waɗanda ke iya kisa. Gara ki san su tun kafin ki kawo ta gidan da ke da yara.

Tukwane uku nake da su yanzu, kuma dukkansu daga reshe guda suka fito, wanda wata maƙwabciyata a Magami ta sare mini lokacin da take rage tata. Sau biyu muna sauya gida tun daga lokacin, kowane karo ana ɗora su a bayan mota tare da katifu da kwanuka. Mangwaro ko gwaiba in kika dasa a gidan haya, mai gida kika dasa wa. Wannan kuwa duk inda kika nufa tana biye da ke.

To, ta ina za ki fara? Da neman reshe. Ki duba gidan da ke da bishiyar da launin furenta ya yi miki, ki roƙa. Reshe yana haifar da irin uwarsa sak, launi da ƙamshi, don haka abin da kika gani shi za ki samu. Ki zaɓi reshen da ya ƙosa, wanda fatarsa ta koma toka-toka, mai tauri idan an matsa shi, ba ɗanyen kore mai laushi ba. Kaurinsa ya kai babban yatsa ko ya fi, tsawonsa santimita 30 zuwa 45, wato kusan kamu guda. A goge wuƙa mai kaifi da sifirit, a sare shi sara ɗaya, ba tare da an tsattsage bakin ba. Mai saran ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda, ya kuma kawar da fuskarsa, don nonon yakan yi tsartuwa. Uwar ba ta yin asara: a ƙasan inda aka sare, sababbin rassa za su fito.

Daga nan ki yanke duk manyan ganyen, ki bar 'yan ƙanana na can tsinin kawai. Reshen da ba shi da saiwa ba zai iya mayar da ruwan da ganye ke fitarwa ba. Idan akwai fure a jiki, shi ma a cire, ko da yake da ban tausayi.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Kada ki dasa shi a ranar. Kada kuma ki tsoma shi a kofin ruwa kamar yadda ake yi wa wasu furanni. Ki jingine shi a inuwa mai iska, inda ruwa ba ya taɓa shi kuma hannun yara ba ya kaiwa, na tsawon mako guda zuwa biyu, har bakin saran ya bushe ya yi tauri. Kamar miki ne a jikin mutum: idan bai yi ɓawo ba aka tura shi cikin danshi, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Wasu masu lambu kan barbaɗa garin gawayi ko toka a bakin, kuma babu laifi. Kada ki ji tsoron zai mutu da ƙishi, cikinsa cike yake da ruwan da zai riƙe shi makonni.

Lokacin da ya fi dacewa a wajenmu shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Sanyin hunturu ya wuce, ƙasa ta ɗumama, saiwa kuma ɗumi take so. Idan kika dasa a Maris, kafin ruwan Yuli da Agusta ya kankama reshen ya riga ya kama ƙasa. Wadda ta samu reshe a tsakiyar damina, sai ta ajiye tukunyar a baranda inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya dukan ta. 'Yan'uwanmu na Gembu da sauran garuruwan tsaunin Mambila, inda sanyi da ruwa suka fi yawa, su ne suka fi bukatar wannan kiyayewa, kuma su yi haƙuri, tasu za ta fi jinkirin tashi.

Sai batun ƙasa. Abin da ake bukata shi ne ƙasar da ruwa ke wucewa ta cikinta nan take. Yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na Mayo Gwoi ko Lamurde, wanda magina ke amfani da shi, shi ne daidai. Ki haɗa kwano biyu na yashi da kwano ɗaya na baƙar ƙasa, ki daddaka gawayi ki zuba cikin tafi biyu. Ban da laka, ban da ɗanyen kashin shanu ko na kaji, don yana ƙona reshe yana kuma kiran gara. Tukunyar ƙasa ta fi, saboda tana numfashi. In babu, tsohon bokitin fenti ya isa, a wanke shi sosai a huda masa ramuka biyar ko shida a gindi. Kada tukunyar ta cika girma, don ƙasa mai yawa tana riƙe ruwan da reshen bai da bakin sha.

Ki binne gindin reshen kamar santimita 7 zuwa 10, tsawon yatsa ke nan, ki danna ƙasar, ki kafa sanda ki ɗaure shi don kada iska ko ƙwallon yara su girgiza shi. Ki ba shi ruwa sau ɗaya. Daga nan ki janye hannunki.

A nan ne aikina na kanti da aikina na tsakar gida suke haɗuwa. Kusan kullum sai na yi wa wata uwa bayanin cewa cokali biyu na maganin zazzaɓi ba ya sa yaro ya warke da wuri fiye da cokali ɗaya da aka rubuta, sai dai ya wahalar da hantarsa. Ƙauna ce ke sa ta ƙara, na sani, amma jiki awo ya sani. Haka reshen nan yake. Mafi yawan waɗanda suka ce mini nasu ya mutu, da na bincika sai in tarar safe da yamma ake ba shi ruwa. Reshen da bai yi saiwa ba ba ya shan ruwa, zama kawai yake yi a cikinsa har ya ruɓe. Idan ƙasar ta bushe ƙarau a tsananin bazara, rabin kofi a gefen tukunya sau ɗaya a mako ya wadatar. Ki ajiye ta inda take samun hantsi, ki kare ta daga ranar azahar, musamman idan baƙin bokiti ne, don yakan yi zafin da zai dafa sabuwar saiwa.

Saiwa kan fito cikin mako huɗu zuwa takwas. Kada ki tuge shi don ki duba, saiwar farko tana da rauni kamar zare. Shaidarki tana sama: tsinin reshen zai yi sheƙi, 'yan ganye kamar farce su fara buɗewa. Idan ganye biyu ko uku suka kai tsawon yatsa, an kama ƙasa. Idan kuwa kika matsa gindin kika ji ya yi laushi, ya yi baƙi, ruɓa ce ta shiga. Ki ciro shi, a yanke har inda cikinsa yake fari tas, a sake shanya shi, a dasa a sabon yashi. Sau da yawa yakan tsira.

Bayan ya yi ganye sai ki matsar da shi cikin rana sannu a hankali. Bishiyar tana son rana ta aƙalla awa shida a yini, in ba haka ba ganye za ki yi ta gani ba fure. Dokar ban-ruwa ɗaya ce: ki tura yatsa cikin ƙasa, idan da danshi ki bari, idan ta bushe ki ba ta har ya fito ta gindi. Da damina, ƙaramin cokali ɗaya na takin NPK 15-15-15 a wata ya ishi tukunya, a gefe ba a jikin itacen ba, ko kuma tafi guda na taki da ya ruɓe sosai. Yawan yuriya ganye yake ƙarawa, ya hana fure. Wadda ke da gidan kanta za ta iya mayar da ita ƙasa bayan shekara guda, a ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, taku uku ko huɗu daga bango, don tana iya kai mita bakwai in ta samu wuri.

Idan hunturu ya shigo, wajen Disamba zuwa Fabrairu, za ki ga ganyen sun yi rawaya sun zube, bishiyar ta tsaya tsirara kamar busasshen itace. Ba mutuwa ta yi ba, hutu take. A wannan lokaci ne ake yawan yi mata ɓarna, a ga ta zubar da ganye a ce ƙishi ne, a yi ta kwarara mata ruwa. Ki rage ruwan ƙwarai. Da zafi ya dawo za ta tofo, wani lokaci ma furen ke riga ganye fitowa. Reshen da aka dasa yakan yi fure a shekarar farko ko ta biyu. Akwai kuma dashen iri, daga kwanson da ke fitowa biyu-biyu kamar ƙahon sa, amma wannan sai an jira shekara uku ko fiye, kuma launin ba lallai ya bi na uwar ba. Mai farawa ta tsaya a kan reshe.

Cututtukanta kaɗan ne. Da damina za ki iya ganin wani gari ruwan lemo kamar tsatsa a bayan ganye. Ki tsinke ganyen da suka kamu, ki share waɗanda suka zube ki ƙone, ki daina jiƙa ganyen idan kina ban-ruwa. Fararen ƙwari masu kama da auduga kuma ruwan sabulu marar ƙarfi yana maganinsu, a fesa da yamma. Ba na ba da shawarar a kawo maganin ƙwarin gona mai ƙarfi cikin gida saboda fure. Haɗarinsa ga yara ya fi amfaninsa nesa ba kusa ba.

Yanzu mu zo ga nonon. An taɓa kawo mini yaro ɗan shekara biyar a kanti, idonsa ɗaya ya yi jawur yana ta kuka. Ya karya reshe ne yana wasa, ya murza ido. Kafin su iso an riga an ɗiga masa ruwan sukari, wata kuma ta ba da shawarar nonon uwa. Babu ɗayansu da ke taimako, suna ma iya shigar da cuta. Abin yi shi ne a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na minti 15, a hana yaron murzawa. Idan zafi ko ja ko dishi-dishin gani bai lafa ba, a tafi asibiti a ranar. Kada a sayi maganin ɗigawa a ido da ka, don wasu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke ƙara lalata idon da ya samu rauni. Wancan yaro mun wanke masa, na tura su wajen likitan ido, Allah Ya sa abin ya tsaya nan. Idan fata ya taɓa, ruwa da sabulu sun isa. Idan yaro ya tauna ganye ko reshe, a kurkure masa baki, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kai shi asibiti tare da guntun abin da ya ci, don likita ya gane ko wace shuka ce.

Gane shukar yana da muhimmanci saboda dangin da ta fito. Danginsu ɗaya da tumfafiya, da kariya, da ƙwanƙwanin da maharba ke dafin kibiya da shi. A cikinsu akwai wata da ake yawan yin shinge da ita a gidaje da makarantu, mai siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa, da ɗan kore mai ƙwallo a ciki. Wannan ƙwallon yana ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya, kuma kaɗan daga cikinsa na iya kashe yaro. Firanjifani ba ta kai nan ba, galibi amai da gudawa da ƙunar baki take sawa, amma idan kina da mai rawayan furen nan a gida kuma kina da masu rarrafe, shawarata a cire ta.

Daga wannan dangi dai aka samu wani ɗan fure mai ruwan hoda ko fari, ɗan asalin Madagaska, wanda ke fitowa a gindin katangunmu ba mai kula shi. Daga cikinsa ake ciro binkiristin, maganin da ake yi wa yara masu sankarar jini amfani da shi tun shekarun 1960. Amma sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada, sannan ya zama magani, kuma likita ne ke ba da shi ta jijiya. Don haka idan kika ga saƙo a WhatsApp yana cewa a dafa ɓawon firanjifani a sha don ciwon sukari ko basir, ko a ɗiga nononta a haƙori mai ciwo, ki wuce shi kawai. Tukunyar girki ba ta auna dafi.

Abu na ƙarshe shi ne sauro. Ƙamshin furen ya fi tashi da dare, saboda wasu malam-buɗe-littafin dare yake kira su kwashe masa garin fure, alhali ko ɗigon ruwan zaƙi ba ya ba su. Wannan ƙamshi ba ya korar sauro, don haka gidan sauro yana nan daram. Farantin da ake sa wa a ƙarƙashin tukunya kuwa, idan ruwa ya kwanta a ciki, mako guda zuwa kwana goma ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo, kuma irin sauron da ke kawo zazzaɓin shawara da denge ya fi son irin wannan ɗan ruwa. Ki cire farantin, ki ɗora tukunyar a kan bulo biyu. Kin huta da sauro, saiwar ma ta huta da ruɓa.

Ki jawo yara cikin aikin, amma ki raba musu shi da hankali. Wuƙa da tsinkar ganye na manya ne. Su kuma nasu shi ne gwajin yatsa a ƙasa, da ƙirga kwanaki a kalanda, da tsintar furen da ya faɗo da safe a zuba a ɗan kwano a ɗaki, sannan a wanke hannu. Yaron da ya jira mako shida kafin ya ga ganyen farko ya koyi abin da ba a koyarwa da baki, ya kuma san cewa farin ruwan nan ba abin wasa ba ne.

Idan taki ta kama ta girma har ta kai a rage mata rassa, kada ki zubar da su a bola. Ki shanya su, ki miƙa wa maƙwabta, ki haɗa musu da bayanin ruwa da na ido. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, Ya raya mana zuri'a.